Tarihin Taimin Bel: Daga Keken Ɗinki Zuwa Cikin Injin Mota



A littattafanmu mota ba ta lalacewa sai marubuci yana son jaruminsa ya makara, ko yana son ya haɗa shi da wata a bakin titi. Sai a ɗaga bonet, hayaƙi ya turnuƙe, bakanike ya zo ya taɓa wata waya, motar ta tashi. Ba laifi, labari ya tafi. To amma akwai wata lalacewa da ba ta hayaƙi, ba ta yin gargaɗi. Direba yana cikin tafiya sai inji ya ɗauke ɗif, ya murza makulli ya ji kik yana juyawa da wani irin sauƙi da sauri fiye da yadda ya saba, amma mota ta ƙi tashi. Idan bakanike ya leƙa ya ce "taimin bel ne ya tsinke", mai motar da ya san abin da ake nufi ba ya tambayar kuɗin bel. Tambayarsa ita ce, "Ya taɓa bawul?" Wannan ɗan bel ɗin roba mai haƙora yana da tarihi, kuma tarihin nasa bai fara a gareji ba.

Sai an fahimci aikin da yake yi kafin tarihin ya yi ma'ana. A 1876 wani Bajamushe, Nikolaus Otto, ya kammala injin da ke aiki da bugu huɗu, wanda har yau a kansa motocin fetur suke. Fistin ya sauka ya zuƙo iska da mai, ya hau ya matse su, wuta ta kama ta tura shi ƙasa da ƙarfi, ya sake hawa ya kori hayaƙi. A cikin wannan zagaye, karanshaf, wato ƙarfen da fistin ke juyawa a ƙasan inji, yana yin juyi biyu. Kamshaf kuwa, wanda ke danna bawul su buɗe su rufe, juyi ɗaya kawai ake so ya yi. Biyu da ɗaya, ba ƙari ba ragi, tun daga ranar da aka tada inji har ranar da ya mutu. Idan inji yana juyi 3,000 a minti, kamar yadda yake yi a tafiyar babban titi, kowane fistin yana hawa sau 50 a sakan guda, kowane bawul yana buɗewa sau 25. Duk tarihin da za mu bi, tarihin amsa tambaya ɗaya ce: me za a sa a tsakanin ƙarafunan nan biyu don kada lissafinsu ya goce?

Amsar farko ba ta da wuya. A injunan farko, irin na Ford Model T da ta fito a 1908, kamshaf yana kwance a cikin gangar inji dab da karanshaf, don haka giya biyu masu haƙora sun wadatar, ɗaya ta ninka ɗaya girma. Matsala ta taso ne da masu tseren mota suka gane cewa inji ya fi numfashi da sauri idan aka ɗauke kamshaf aka kai shi can saman silinda, yana danna bawul kai tsaye ba tare da dogayen sanduna ba. Kamfanin Peugeot ya nuna haka a 1912 da wata motar tsere mai kamshaf biyu a sama da bawul huɗu a kowace silinda. Ta ci babbar gasar Faransa a shekarar, sannan Peugeot ta ci tseren Indiyanafolis na Amurka a 1913. Sai dai yanzu tazara ta shiga tsakanin ƙasa da sama, kuma cike ta da ƙarfe zalla, giya bisa giya ko sanda mai giya a kowane kai, aiki ne mai tsada da ke son ƙwararren maƙeri. Motar tsere za ta iya ɗaukar wannan kuɗi, motar talaka ba za ta iya ba.

Sarƙa ce ta zama matsakaiciyar hanya. Irin sarƙar da muke gani a keke da babur, Hans Renold ne ya kyautata ta a Mancesta ta Ingila a 1880. Tana da ƙarfi, tana daɗewa, amma tana da buƙatu: dole ta zauna a cikin baƙin mai, dole a yi mata gida na ƙarfe da ba ya yoyo, kuma idan ta tsufa ta saki sai ta riƙa kaɗawa tana ƙara.

Bel kuwa an daɗe da saninsa. Duk wanda ya taɓa kai niƙa ya ga faffaɗan bel ɗin da ke haɗa inji da tukunyar niƙa, ya kuma ga yadda yake sulɓewa idan kaya suka yi nauyi. A 1917 John Gates na birnin Denba a Amurka ya fito da bel mai siffar V, kakan fanbel ɗinmu na yau, wanda ke shiga cikin kwarin fuli ya kama da kyau. Duk da haka yana ɗan zamewa. Zamewa kaɗan ba komai ba ce ga fanka ko janareton caji, amma ga kamshaf ita ce mutuwa, domin kuskuren da ya taru a minti ɗaya ya isa ya rikita bugun nan huɗu.

A nan ne teloli suka shigo labarin. Keken ɗinki yana da irin wannan damuwa: allura tana sauka daga sama, ƙoshiya tana zagayowa daga ƙasa, kuma dole su haɗu a daidai lokaci guda, in ba haka ba zare ya riƙa tsallake ko allura ta karye. Duk telan da kekensa ya taɓa rasa saiti ya san wannan ciwon kai. A cikin shekarun 1940 wani injiniya mai suna Richard Case, a kamfanin Gilmer na birnin Filadelfiya, ya tsara bel na roba mai haƙora a cikinsa, waɗanda ke shiga cikin haƙoran fuli kamar giya, don daidaita allura da ƙoshiya a kekunan Singer. Dabarar tana cikin abin da ido ba ya gani. A cikin robar an jera zaruruwa masu ƙarfi da ba sa miƙewa, da farko na ƙarfe, daga baya na zaren gilashi, kuma su ne ke ɗaukar nauyi. Roba tana riƙe su ne kawai, ta kuma ba da siffar haƙora, sannan a lulluɓe haƙoran da yadin nailan don kada su cinye da wuri. Har yau a Amurka masu motocin tsere suna kiran irin wannan bel da sunan Gilmer.

Wanda ya fara gwada shi a kamshaf na mota ba babban kamfani ba ne. Wani mutumin Kalifoniya ne, Bill Devin, mai ƙera ƙananan motocin tsere a ɗan wurinsa. A 1954 ya ɗauki ƙaramin injin Panhard na Faransa mai silinda biyu, ya ɗora masa kawunan silinda na babur ɗin Norton na Ingila masu kamshaf a sama, sai ya rage masa yadda zai juya su. Ya sa bel mai haƙora. Motar ta ci gasar ajinta ta ƙasa a 1956. Devin bai yi wa dabarar rajistar mallaka ba, don haka duk miliyoyin injunan da suka biyo baya bai ci kwabo a kansu ba.

Motar kasuwa ta farko da ta fito da taimin bel daga wani ƙaramin gari ta fito, Dingolfin, a jihar Bavariya ta Jamus. Kamfanin Hans Glas, wanda asalinsa injunan noma yake ƙerawa kafin ya yi suna da 'yar mitsitsiyar motar nan Goggomobil, ya nuna Glas 1004 a bajekolin Farankfot a 1961, ya fara sayar da ita a 1962. Injinta bai cika lita ɗaya ba. Ƙaramin kamfani ne da ba shi da kuɗin manya, kuma a ganina wannan ne ya ba shi ƙarfin halin gwada abin da manyan suke ɗari-ɗari da shi. Bai ji daɗin nasarar ba. A 1966 BMW ta saye shi, sunan Glas ya ɓace bayan 'yan shekaru, masana'antar Dingolfin kuma ta zama ɗaya daga cikin manyan masana'antun BMW. Abin dariya, ita BMW ɗin ta ci gaba da amfani da sarƙa, ba ta sa bel a injinta mai silinda shida ba sai 1977, kuma a 1990 ta koma wa sarƙarta.

Shekarar 1966 ce bel ya shiga hannun manya. A Amurka, Pontiac ta fito da inji mai silinda shida da kamshaf a sama, da bel mai zaren gilashi, a zamanin da John DeLorean ke jan ragamar wurin. Bai yi tsawon rai ba, an daina shi bayan 1969, domin Amurkawan lokacin manyan injuna masu silinda takwas suke so, fetur kuma araha. A Italiya labarin ya bambanta. Aurelio Lampredi, wanda ya taɓa tsara wa Ferrari injunan tsere, ya yi wa Fiat 124 ta wasanni inji mai kamshaf biyu da bel ke juyawa. Abin da Peugeot ta yi a 1912 da tsadar gaske, yanzu ga shi a motar da ma'aikacin ofis zai iya saya. Fiat 128 ta biyo baya a 1969, Honda Civic a 1972, Volkswagen Golf a 1974, duk da bel. Da rikicin man fetur na 1973 ya tura duniya ga ƙananan motoci masu tsimin mai, sai bel ya zama ruwan dare.

Dalilan kamfanoni a bayyane suke. Bel ba ya ƙara, ba shi da nauyi, ba ya son mai, murfin roba ya ishe shi, kuma ya fi sarƙa araha a masana'anta. Abin da tallace-tallace ba su cika faɗa ba shi ne, kuɗin da kamfani ya rage bai ɓace ba, an mayar da shi ne kan mai mota. Sarƙa ana sa ran ta kai ƙarshen rayuwar inji. Bel kuwa yana da wa'adi, kuma wanda ya sayi motar ne zai riƙa biya, ko wanda ya saya daga hannunsa, ko na uku da na huɗu.

Ga inda abin yake da zafi. Don inji ya ba da ƙarfi da mai kaɗan, ana so ya matse iska sosai, wato a rage sararin da ke saman fistin, kuma ana so bawul ya buɗe sosai. Sakamakon haka a injuna da yawa wurin da bawul ke leƙowa idan ya buɗe shi ne wurin da fistin ke kaiwa idan ya hau. Wuri ɗaya suke amfani da shi, lokaci ne kawai ya raba su, kamar kishiyoyi biyu da madafi ɗaya: muddin kowa ta san ranar girkinta, gida lafiya. Bel shi ne mai rabon kwanan. Ranar da ya tsinke, kamshaf ya tsaya cak da wasu bawul a buɗe, karanshaf kuwa ya ci gaba da juyawa saboda gudun mota, fistin ya hau ya naushe su. Bawul su lanƙwashe, wani lokaci ɗaya ya karye ya faɗa cikin silinda ya huda fistin ko ya fasa tof silinda. Duk wannan kafin direba ya kai ƙafarsa kan birki. Akwai kuma injunan da aka bar musu isasshen sarari, ko aka yi wa kan fistin ɗinsu 'yan ramuka, waɗanda idan bel ya tsinke sai dai mota ta tsaya, a sa sabo a ci gaba da tafiya. Motoci biyu za su tsaya a wuri ɗaya da ciwo ɗaya, ɗaya ta tafi da yamma, ɗaya ta yi wata guda a gareji.

Mu nan ƙasar bel ya makara kafin ya zama abin damuwa, kuma wannan wuri ne da marubuci ke iya yin tuntuɓe. A 1975 masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci, a shekarar ce kuma Volkswagen ta fara a Legas. Fijo 504 mai shan fetur, wadda ta cika ma'aikatun gwamnati da tashoshin mota, kamshaf ɗinta a cikin gangar inji yake, sarƙa ke juya shi. Bitil kuwa ba bel ba sarƙa, giya ce da giya. Marsandin manyan 'yan kasuwa ita ma sarƙa ce. Don haka idan labarinka a 1980 yake, kuma ka ce taimin bel ɗin 504 ɗin Alhaji ya tsinke a hanyar Zariya, duk tsohon direban da aka karanta wa zai yi murmushi. Fanbel za ka ce, shi ne yake tsinkewa, inji ya yi zafi, lagireto ya tafasa.

Abin ya sauya ne bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, da darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci. Kwancen motocin Turai suka fara kwararowa daga tashoshi irin su Antwaf ta Beljiyam, suna sauka a Kwatano, daga baya na Amurka suka biyo. Golf, Honda, Toyota, Opel, yawancinsu 'yan zamanin bel ne. Kowace ta zo da bel ɗin da ba wanda ya san shekarunsa, ba littafin sabis, agogon kilomita kuma ba kullum yake faɗin gaskiya ba. Ta Amurka ma mil take ƙirgawa, mil 60,000 kuwa ya haura kilomita 96,000, ga wanda bai lura ba. Makanikan da suka koyi aiki a kan 504 dole suka sake koyo, kasuwannin kayan gyara irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna suka cika da beloli iri-iri, na ƙwarai da na jabu. Ko a cikin motocin zamanin akwai bambancin da ya yi tasiri a aljihun mutane. Camry mai injin lita 2.2 ta shekarun 1990 tana cikin masu yafiya, bel ya tsinke bawul su tsira. Accord ta wannan lokacin ba ta yafewa. Ita kanta Kaduna, da ta zo harhaɗa 406, bel ta sa.

Canjin bel aiki ne da ke da ƙa'ida, kuma ƙa'idar tarihi ne ya koyar da ita. Wa'adi ya danganta da inji. Kamfanoni sukan sa tsakanin kilomita 60,000 zuwa 160,000, tare da adadin shekaru, duk wanda ya riga cika. Shekarun ne mutane ke mantawa: roba tana tsufa ko da mota a ajiye take ƙarƙashin rumfa, zafi kuma yana gaggauta tsufan. Duban ido ba ya wadatarwa, domin bel yana iya yin kyau a baya alhali gindin haƙoransa ya tsage, kuma sau da yawa ba tsinkewa yake ba, haƙora ne ke zubewa a jere, fulin ƙasa ya riƙa juyawa a banza. Wasu motocin Toyota masu shan gas, irin su Hiace da Hilux, suna da fitilar T-BELT a gaban direba, amma ita ma ba ganin bel take ba, kilomita take ƙirgawa.

Kuma sau da yawa ba bel ne mai laifin farko ba. Boris ɗin tenshina, wato fulin da ke ɗaure shi, yana iya cijewa. A injuna da yawa bel ɗin ne ke juya famfon ruwa, idan famfon ya saki ko ya fara yoyo sai ya tafi da shi. Sil ɗin kamshaf ko na karanshaf idan yana zubar da baƙin mai, man zai jiƙa robar ta ruɓe. Shi ya sa bakaniken kirki yake cewa a canja su gaba ɗaya tunda an riga an kwance, mai mota kuma yana zargin so ake a ci kuɗinsa. A wannan gardama ina bayan bakanike. Wahalar kwancewa ita ce tsadar aikin, kuma sabon bel a kan tsohon boris bashi ne aka ɗauka. Wajen ɗaurawa akwai alamomi a kan fuli da jikin inji da dole su yi daidai. Haƙori ɗaya idan ya goce mota za ta rasa ƙarfi ta riƙa shan mai, idan suka yi yawa bawul ya gamu da fistin. Don haka ake juya inji da hannu zagaye biyu cikakku, a sake duba alamomin, kafin a taɓa makulli. Siffar haƙora ma tana da magana: na farko masu kusurwa ne, daga baya aka koma masu zagaye da suka fi ɗaukar nauyi, kuma bel mai irin wannan ba ya zama a fulin wancan ko da tsawonsu ɗaya. Na jabu kuwa, araha ba ta ado.

A shekarun 1980 an samu sabuwar roba mai jure zafi, wa'adin bel ya ƙaru sosai. Duk da haka wajen shekarar 2000 kamfanoni da yawa suka juya baya. Masu saye sun gaji da kuɗin canji, injuna kuma sun ƙara rikiɗa. Toyota ta sa sarƙa a injin Corolla na 1998 da na Camry ta 2002 mai silinda huɗu, Honda ta bi sahu a Accord ta 2003, ko da yake injinta mai silinda shida ya ci gaba da bel. Sai dai sarƙar zamani siririya ce, an rage mata nauyi, kuma ba ta yafe wa mai jinkirin juyen baƙin mai. Volkswagen ta sha ƙorafi a kan sarƙar ƙananan injunanta na TSI da ke miƙewa, har ta koma bel a sabon injin da ta fitar a 2012. BMW ta yi wani injin gas a 2007 da ta kai sarƙarsa bayan inji, wajen giyabos, ta yadda idan ta lalace aikin kan kai ga sauke inji.

Babi na baya-bayan nan shi ne mafi ban mamaki. Bayan shekara hamsin ana gargaɗin kada mai ya taɓa bel, sai injiniyoyi suka tsoma shi cikin baƙin mai da gangan, da wata roba ta musamman, don rage gogayya da ƙara da hayaƙin da dokokin Turai ke takurawa. Ford ta yi haka a ƙaramin injinta na EcoBoost mai lita ɗaya a 2012, Peugeot da Citroën suka yi a injin PureTech mai lita 1.2. A gwaji abin ya yi kyau. A hannun mutane, musamman masu gajerun tafiye-tafiye a cikin gari inda fetur ke tsiyaya ya gauraya da baƙin mai, ko waɗanda aka zuba wa man da ba shi kamfani ya ce ba, robar ta riƙa kumbura tana marmashewa. Ɓarɓashin ya toshe rariyar famfon mai, inji ya rasa mai, a wasu motocin ma ya shafi famfon da ke taimaka wa birki ya yi laushi. Aka yi kiranyen motoci masu yawa a Turai, aka rage wa'adin bel ɗin PureTech zuwa kilomita 100,000 ko shekara 6, kuma a 2023 kamfanin ya fito da sabon samfurin injin da sarƙa.

Waɗannan motocin yanzu suke kai shekarun da Turawa ke rabuwa da su, wato shekarun hawa jirgin ruwa zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, inda ake sayar da baƙin mai a galan da ba a san abin da ke cikinsa ba. A injin PureTech, idan aka buɗe murfin zuba mai aka haska tocila, ana hango bayan bel ɗin, kuma akwai ɗan ma'aunin ƙarfe da ake zurawa a gwada faɗinsa. Idan ma'aunin ya ƙi shiga, bel ya kumbura, sai a sauke kaskon mai a duba rariya tun kafin a yi cinikin motar.